Me Ya Sa Jarumin Labaran Sinawa Yake Karɓar Gubar Sarki Da Hannu Biyu?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake kallon fina-finan Chanis na takobi, yanzu kuma yana bin masu dogon zango da ake fassarawa da Hausa, amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Jarumi zai iya gamawa da mayaƙa ɗari shi kaɗai. Sarki zai zalunce shi, a yi masa ƙazafi, a hallaka gidansa. Duk da haka idan manzon fada ya zo da kofin guba, sai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, har da godiya. Ya ce shin wannan jarumta ce ko wauta, kuma me ya hana su yin tawaye?

Ɗan'uwa, abin da ya dame ka shi ne abin da ya dami Sinawa da kansu ɗaruruwan shekaru, kuma a kansa aka gina mafi yawan wannan adabi da suke kira wuxia. Jarumin irin wannan labari bashi biyu yake ɗauke da shi. Na farko biyayya ga na sama, wato sarki da ƙasa, ita suke kira zhong. Na biyu amana tsakaninsa da 'yan'uwan rantsuwa, da malaminsa, da duk wanda aka zalunta ya kawo kuka gare shi, ita suke kira yi. Muddin sarki adali ne, basukan nan ba sa karo. Labari yana farawa ne ranar da biyan ɗaya ya zama cin amanar ɗayan. Ra'ayina, bayan daɗewa ina karanta waɗannan littattafai, shi ne durƙuson nan da kake gani shi ne ƙarar da marubucin yake shigar da sarki. An ce mutum maci amana ne. Idan ya zare takobi, ya gaskata masu ƙazafi. Idan ya mutu bai zare ba, ƙaryar ta fito tsirara, kowa ya ga wanda ya ci amanar wani. Amma wannan ba ya nufin duk durƙuso abin yabo ne, kuma za ka ga inda ni kaina na kasa yafewa.

Tushen abin ya girmi littattafan ƙagaggun labarai. Sima Qian, masanin tarihin daular Han wanda ya kammala babban littafinsa kusan shekara ta 91 kafin Miladiyya, ya ware babi guda domin waɗannan jarumai masu yawo. Kafinsa, masanin doka Han Fei ya lissafa su cikin ƙwarin da ke cin ƙasa, domin suna karya doka da ƙarfin makami. Sima Qian ya amince suna karya doka, amma ya ce idan sun faɗi magana sai sun cika, ba sa tattalin ransu wajen ceton wanda ke cikin ƙunci, kuma ba sa fariya da abin da suka yi. Ya san abin da yake faɗa. A shekara ta 99 kafin Miladiyya ya tsaya a gaban Sarki Wu ya kare wani sarkin yaƙi mai suna Li Ling, wanda ya miƙa wuya ga abokan gaba bayan kibiyoyin dakarunsa sun ƙare. Aka yanke wa Sima Qian hukunci, ba shi da kuɗin fansa, babu wani babba da ya taimake shi, aka yi masa dandaƙa. Mutumin da manyan fada suka juya wa baya haka, dole ya ga darajar wanda zai zo maka da dare alhali ba ya binka komai.

A babin nan akwai labarin Guo Jie. Wani malami ya zage shi a wurin zama, sai wani mabiyinsa ya kashe malamin ya yanke masa harshe, Guo Jie bai ma sani ba. Mai bincike ya ce ba shi da laifi. Sai babban jami'in fada Gongsun Hong ya ce talakan da mutane ke kisa domin shi ba tare da saninsa ba ya fi wanda ya yi kisan da hannunsa laifi. Aka kashe shi da danginsa. Fada ba ta tsoron takobinsa kamar yadda take tsoron biyayyar da jama'a ke yi masa, kuma wannan tsoron ne za ka yi ta gani yana maimaituwa a labaran da suka biyo baya.

Littafin da ya fi kowanne bayyana amsarka shi ne Shuihu Zhuan, labarin jarumai 108 da suka taru a fadamar Liangshan cikin lardin Shandong. Ana danganta shi ga Shi Nai'an, a ƙarni na 14, kuma an kafa labarin a zamanin Sarki Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126. Lura da yadda aka tsara shi. Kafin a nuna maka 'yan fashin, sai da aka nuna maka Gao Qiu, ɗan iskan gari wanda ya iya buga ƙwallo, ya burge yarima da ƙafarsa, yarima ya zama sarki, shi kuma ya zama shugaban dakarun fada. Wani mai sharhi na da ya ce an fara da Gao Qiu ne domin a nuna ɓarnar daga sama ta gangaro.

Ɗauki Lin Chong. Shi ne mai koyar da dakarun fada sarrafa makami, yana da albashi, da gida, da matar da yake so. Wata rana a wurin ibada wani matashi ya tare matarsa. Lin Chong ya zo da gudu ya damƙi kafaɗarsa ya juyo da shi, ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai ya ga ɗan riƙon Gao Qiu ne. Littafin ya ce hannun ya yi laushi da kansa. Abokinsa Lu Zhishen, ƙaton ɗan zuhudun nan mai sandar ƙarfe, ya iso da tawaga yana neman wanda zai daka, Lin Chong ne ya riƙe shi, yana cewa ba hukuma ake tsoro ba, wanda ke da iko a kanka ake tsoro. Daga nan aka shirya masa gadar zare. Aka sayar masa da takobi mai kyau, aka aiko cewa maigidansa yana so ya gani, aka yi ta jan sa daga zaure zuwa zaure har cikin Zauren Farin Damisa, inda shiga da makami laifi ne babba. Aka yi masa bulala, aka buga masa tambari a fuska, aka kore shi zuwa Cangzhou. Kafin ya tafi ya rubuta wa matarsa takardar saki yana ganin hakan zai sauƙaƙa mata. Bai sauƙaƙa ba, domin daga baya ta rataye kanta.

A hanya masu rakiyarsa biyu, waɗanda aka riga aka biya, suka tsoma ƙafafunsa cikin tafasasshen ruwa da sunan wanke masa, da safe suka ba shi sababbin takalman kaba da ke yankar ƙurajen. A cikin daji suka ɗaure shi a bishiya za su fasa masa kai. Lu Zhishen ya faɗo daga bayan itace zai gama da su, sai Lin Chong, yana ɗaure, ya roƙa a ƙyale su, wai aiko su aka yi. Har lokacin yana fata zai gama wa'adinsa ya koma gida.

Abin da ya karya wannan fatan ya faru ne a daren da dusar ƙanƙara ke zuba. An ba shi gadin rumbun ciyawar dawakin soja. Sanyi ya dame shi, ya rataya gora a kan mashi ya tafi sayen giya. Kafin ya dawo nauyin ƙanƙara ya rushe bukkarsa. Ya laluba ya tabbatar garwashin murhu ya mutu, domin yana tsoron kada ciyawar hukuma ta kama wuta, sannan ya ja bargo ya tafi wani tsohon ɗakin bauta da ke kusa, ya gangaro da dutse ya tokare ƙofa. Yana cikin shan giyarsa mai sanyi sai ya ga rumbu ya kama da wuta. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya fita ya kashe wutar. Sai ya ji mutum uku sun tsaya a bakin ƙofar suna hira, ɗaya daga cikinsu Lu Qian ne, abokinsa tun ƙuruciya. Wani ya ce ko da ya tsira daga wutar, ƙone ciyawar soja hukuncinsa kisa ne. Wani ya ce a tsinci ƙashinsa ɗaya ko biyu a kai wa maigida shaida. A nan ne tura ta kai bango. Ya kau da dutsen, ya fito da mashi, ya kashe su duka uku, ya kama hanyar da ta ƙare a Liangshan. Har yau idan Basine yana so ya ce an matsa wa mutum har ya yi abin da bai taɓa nufa ba, sai ya ce an tura shi Liangshan. Ka ga ke nan suna yin tawaye, sai dai marubucin yana so ka fara ƙirga duk ƙofofin da aka rufe wa mutum kafin ya yi.

Yanzu ga inda abin ya yi ɗaci. Wanda ya zama shugaban Liangshan shi ne Song Jiang, tsohon magatakardan hukuma a gundumar Yuncheng, gajere, ba gwanin faɗa ba, amma mai kyauta har ana masa laƙabi da ruwan sama mai zuwa a kan kari. Da ya karɓi shugabanci ya sauya sunan babban zaurensu, ya sa kalmar biyayya a gaban kalmar amana. Burinsa ɗaya ne, sarki ya yi musu afuwa su koma dakarun hukuma. Li Kui, baƙin nan mai gatura biyu wanda yake son Song Jiang kamar ransa, ya taɓa harbe tebur saboda maganar afuwar, ya kuma yayyaga takardar sarki a gaban manzo. Da suka ci dakarun hukuma da yaƙi har suka kama Gao Qiu da kansa, Song Jiang ya kwance shi, ya zaunar da shi a wurin girma, ya yi masa liyafa, ya sake shi. Lin Chong yana wurin, abin da ya iya yi kawai shi ne harara.

Afuwa ta zo. Fada ta tura su yaƙi bayan yaƙi, na ƙarshe a kan Fang La, wani ɗan tawaye irinsu a kudu. A wannan yaƙin 59 daga cikinsu suka mutu a fagen fama, wasu ciwo ya ɗauke su, wasu suka zame, 27 kaɗai suka koma babban birni. Lin Chong ya shanye, ya rasu a wani gidan ibada a Hangzhou. Sannan Gao Qiu da abokansa suka zuba guba a giyar da sarki ya aika wa Song Jiang kyauta. Ya sha, ya ji cikinsa, ya gane. Abin da ya fara tunawa shi ne Li Kui zai tayar da bore idan ya ji, ya ɓata sunan biyayyar da suka sayo da jini. Sai ya aika a kira shi. Li Kui ya zo, suka ci suka sha, da ya ji labari ya ce yaya, mu yi tawaye. Song Jiang ya gaya masa cewa giyar da ya sha ɗazu ita ma akwai gubar a ciki, kuma gara fada ta ci amanarsa da shi ya ci amanar fada. Li Kui ya yi hawaye, ya ce ya bauta wa yayansa a raye, zai bi shi a mace.

Wannan wurin ne na kasa yafewa. Song Jiang yana da ikon ya bayar da ransa, amma ran Li Kui ba nasa ba ne. Ya biya bashin sarki da jinin ƙaninsa na rantsuwa, mutumin da ya taɓa dirowa daga bene da gatura ya ƙwato shi daga hannun hauni a Jiangzhou. Ban yarda marubucin ya rubuta wannan don mu yaba ba. Dubi abin da ya biyo baya: sarki ya ji gaskiya, ya yi wa fadawan faɗa, ya sa aka gina wa mamatan wurin tunawa, amma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin masu laifin ba. Kuma duk mai karatu a Sin ya san cewa a 1127 Jurchen, wata ƙabila daga arewa, suka ci Kaifeng, babban birnin daular Song, suka tafi da Huizong da ɗansa Qinzong a matsayin kamammu. Masu kare birnin an riga an gama da su da giya.

Sinawa ba su taɓa haɗuwa a kan Song Jiang ba. A 1641 mai sharhi Jin Shengtan ya datse littafin ya bar babi 70, ya cire afuwar gaba ɗaya, domin a ganinsa ɗan fashi bai cancanci a kira shi mai biyayya ba, kuma Song Jiang munafuki ne. A 1975 shugaban Sin Mao Zedong ya soke shi ta ɗaya gefen, ya ce littafin yana yaƙar miyagun jami'ai kawai, ba ya taɓa sarki, kuma amfaninsa shi ne ya nuna wa jama'a kamannin masu miƙa wuya. Shi Song Jiang na tarihi kuwa, abin da aka rubuta a kansa kaɗan ne: yana da manyan mabiya 36, ya addabi larduna da yawa, ya miƙa wuya ga wani gwamna mai suna Zhang Shuye a 1121. Sauran duk aikin masu ba da labari ne a kasuwanni da gidajen shayi, kafin a tattara.

Maganar Mao ta taɓo wani abu na gaskiya. A yawancin tsofaffin labaran nan za ka ga ana ɗora laifi a kan waziri ko babannin fada, sarki kuma a ce an rufe masa ido ne. Mu ma muna da wannan a bakinmu, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Dalilan suna da yawa. Marubuci yana da wuya ɗaya, kuma hukumomin daulolin Ming da Qing sun sha haramta wannan littafin duk da taka-tsantsan ɗinsa. Ga kuma doka: laifin tawaye ba ya tsayawa a kan mai shi, yana shafar iyaye da 'ya'ya da dangi. Sarkin yaƙin da ya karɓi guba cikin ladabi yana iya ceton gidansa, wanda ya ƙi kuwa ya ja musu takobi. Sannan ga tarbiyyar Konfushiyas, babban malamin Sinawa na da, wadda ta ɗauki sarki da bafade kamar uba da ɗa: ɗa zai yi nasiha, ya yi kuka, ya sake nasiha, amma ba zai ɗaga hannu ba. Ko a nan akwai ƙofa. Mengzi, babban malamin wannan mazhaba, ya ce sarkin da ya tattake adalci ya sauka daga sarauta da kansa, kashe shi kashe wani mutum ne kawai. Sai dai wa zai yanke cewa an kai wannan matsayin? Jarumin da ya yanke da kansa, in ya yi kuskure, ya jefa ƙasa cikin yaƙin basasa alhali abokan gaba suna kan iyaka.

Babu wanda ya tsaya a wannan tsaka mai wuya kamar Yue Fei, kuma shi ba ƙagagge ba ne. An haife shi a 1103. Bayan faɗuwar Kaifeng, wani ɗan sarki da ya tsira ya kafa mulki a kudu da sunan Gaozong, Yue Fei ya zama ɗaya daga manyan sarakunan yaƙinsa. A 1140 ya ci Jurchen a Yancheng, yana matsawa arewa, sai umarnin komawa ya iso. Tarihin daular ya ce allunan gaggawa 12 masu rubutun zinariya suka same shi a rana ɗaya, ya ce wahalar shekara goma ta tafi a yini guda. Ya koma. Aka raba shi da dakarunsa, aka kama shi da zargin shirya tawaye. Alƙalin farko ya ga rubutun da ke zane a bayansa, na yi wa ƙasa hidima da cikakkiyar biyayya, ya bincika bai ga laifi ba, sai aka sauya shi da wani. Wani sarkin yaƙi, Han Shizhong, ya je ya tambayi waziri Qin Hui ina hujja. Waziri ya ce wataƙila akwai. Han Shizhong ya ce ta yaya wannan magana za ta gamsar da duniya. A farkon 1142 aka kashe Yue Fei a kurkuku bai kai shekara 40 ba, aka kashe ɗansa Yue Yun da mataimakinsa Zhang Xian. Sulhun da aka ƙulla da Jurchen ya sa iyaka a kogin Huai, daular Song na biyan su azurfa da siliki kowace shekara.

A kabarinsa da ke Hangzhou, kusa da Tafkin Yamma, akwai gumakan ƙarfe huɗu a durƙushe, hannuwa a baya: Qin Hui, da matarsa, da wasu biyu da suka taya. Ɗaruruwan shekaru masu ziyara suna tofa musu yawu, har sai da aka kafa sanarwar hanawa. Babu gunkin Gaozong a cikinsu. Amma masana sun gano tun da wuri. Wen Zhengming, mawaƙin zamanin Ming, ya rubuta cewa Qin Hui shi kaɗai ba zai iya komai ba, abin da sarki ke so ya yi masa. Gaozong yana da dalilansa na tsoro. Daularsu kanta sarkin yaƙi ne ya kafa ta a 960 lokacin da dakarunsa suka yafa masa rigar sarauta. A 1129 wasu hafsoshi biyu sun taɓa tilasta wa Gaozong sauka na ɗan lokaci. Yayansa Qinzong yana raye a hannun Jurchen, in aka ƙwato shi kujera ta zama ta mutum biyu. Ga rundunar da jama'a ke kira rundunar gidan Yue, ga kuma Yue Fei ya taɓa sa baki a maganar magajin sarauta. Abin da ya ci Guo Jie shi ya ci shi. A 1162 sarkin da ya gaji Gaozong ya wanke sunansa, Gaozong yana raye yana kallo.

Abin ya sake faruwa a daular Ming. Yu Qian ya kare Beijing a 1449 bayan Mongol sun kama sarki, da sarkin ya dawo mulki a 1457 aka fille masa kai. Yuan Chonghuan ya tare Manchu, mahara daga arewa maso gabas, a Ningyuan a 1626, ya rugo ya kare Beijing a 1629, a 1630 aka yanyanka shi a bainar jama'a da sunan maci amana, mutanen birnin da ya kare suna murna. Bayan shekara 14 daular ta faɗi. Daga waɗannan mutane uku ne marubuta suke ɗebo da yawa daga sarakunan yaƙin da kake gani ana zalunta a fim, tare da marayun da suka tsira suka shiga duniyar da ake kira jianghu, duniyar makarantun faɗa da masaukai da 'yan rakiyar fatake, inda hannun hukuma ba ya kaiwa sosai.

A ƙarni na 20 ne aka sauya wa biyayyar alƙibla. An tsige sarki na ƙarshe a 1912, marubuta suka sami bakin magana. Sabon salon wuxia ya tashi a jaridun Hong Kong, inda Liang Yusheng ya fara a 1954, Jin Yong ya biyo a 1955, suna rubuta kashi-kashi kullum ga masu karatun da yawancinsu sun baro gida saboda yaƙi da sauyin mulki. Jin Yong ya ƙago wa Yuan Chonghuan ɗa mai neman fansa. Yaron ya taimaki 'yan tawayen da suka kifar da Ming, ya ga su ma sun fara irin zaluncin da suka zo kawarwa, ya bar ƙasar. Guo Jing, jaruminsa mafi shahara, ya tashi a hannun Jangis Khan, ya rabu da shi lokacin da aka nufi ƙasar iyayensa da yaƙi, ya ƙare rayuwarsa yana kare birnin Xiangyang. Ba ya ɗaukar sarkin Song a bakin komai. Mutanen da ke bayan ganuwa yake karewa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Xiao Feng. Shi ne shugaban ƙungiyar mabarata, babu wanda ya kai shi kishin daular Song, sai aka tona a bainar jama'a cewa shi jinin Khitan ne, abokan gabar Song. Waɗanda suka rantse masa jiya suka fara farautarsa. Ya koma wurin danginsa, sarkin Khitan ya yi rantsuwar 'yan'uwantaka da shi ya ba shi sarauta, sannan ya umarce shi ya jagoranci mamaye Song. Ya ƙi. A mashigar Yanmen aka tilasta wa sarkin ya rantse ba zai kai hari ba muddin yana raye. Da aka gama, Xiao Feng ya ce shi Bakhitane ne da ya tursasa sarkinsa, ya soka wa kansa karyayyar kibiya. Kwatanta shi da Song Jiang. Shi ma ya mutu saboda bashin sarki, amma sai da ya saɓa wa sarkin ya ceci talakawan ƙasa biyu, kuma ransa kaɗai ya bayar.

Akwai sauran abu ɗaya da ke bayyana me ya sa jaruman yanzu ma ba sa gaggawar kisa. A al'adar Sinawa mamaci yana da allo mai sunansa a gida, zuriya na kai masa hadaya. Wanda ya mutu da tambarin cin amana ba a kafa masa allo a fili, 'ya'yansa ma ɓoye suna suke yi. Saboda haka wanke suna ya fi fansa nauyi. Fim mai dogon zango na 2015, Langya Bang, mai kashi 54, a kan wannan aka gina shi, ko da yake daularsa ƙagaggiya ce. An yi wa rundunar mutum 70,000 ƙazafi an hallaka su. Ɗan sarkin yaƙinsu ya tsira, ya dawo bayan shekara 12 da wata fuska da wani suna, jikinsa ya lalace har takobi ba ya iya ɗauka. Yana da hanyoyin da zai kashe sarki. Abin da yake nema shi ne sarkin ya buɗe shari'ar da bakinsa yana kan kujera, domin idan magaji ne ya wanke su bayan mutuwarsa, za a ce ɗa ne ya yi wa abokansa alfarma. A ranar bikin haihuwar sarki aka kawo takardar iƙirarin ɗaya daga masu ƙazafin, fadawa suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya suna goyon baya, har sarki ya rasa mafita. A tsohon littafi sarki faɗa kawai ya yi ya wuce. A nan an tsayar da shi ya amsa.

Idan kana so ka ga asalin da idonka, fara da labarin Lin Chong, babi na 7 zuwa na 11 a bugun Shuihu Zhuan mai babi 100. Ka kula da bugun da za ka samu. Fassarar Turanci ta Pearl Buck ta 1933 ta bi datsattsen bugun Jin Shengtan, don haka babu afuwa babu guba a cikinta. Ta Sidney Shapiro ta 1980 ta kai har mutuwar Song Jiang. A fim kuma akwai na gidan talabijin na Sin na 1998 mai kashi 43, da na 2011 mai kashi 86. Na 1998 ya sauya ƙarshen Lin Chong, ya sa baƙin cikin sakin Gao Qiu ne ya kashe shi.